Katikis da Yaransa: Yadda Aka Riƙe Darasin Addini a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Ina koyar da yara katikisim ranar Asabar da la'asar a wata ƙaramar majami'a a ƙasar Birnin Kudu, aikin sa-kai ne, ba sisi ba kwabo. Wanda ya koya mini, Malam muke ce masa, manomi ne kamar iyayenmu, shi ma daga wani dattijo ya karɓa. Don haka idan ana ba da tarihin Katolika a nan aka tsaya kan limamai kaɗai, sai in ga an ci haƙƙin mutane.

Dalilin a fili yake. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, suka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Limaman ƙungiyar mishan ta SMA sun kafa tasharsu a Shendam a 1907, amma da suka iso Kano, a Sabon Gari aikinsu ya fi tsayawa, cikin baƙi 'yan Kudu. A tsarin Ikilisiya, ƙasar Kano ta daɗe a ƙarƙashin Kaduna, sai a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, aka ware ta. A 1999 ta zama cikakkiyar dayosis a hannun Bishop Patrick Sheehan, ɗan ƙasar Ailan, Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Har yau jihohi biyu, Kano da Jigawa, ke ƙarƙashinta. Daga Kano zuwa Birnin Kudu ya haura kilomita 100, Gwaram kuma tana can gaba, bakin iyakar Bauchi. Yaushe Fada zai zagaya kowane ƙauye?

Katikis ne ya toshe wannan giɓi. Shi ke jan addu'ar Lahadi in babu Fada, shi ke zuwa gaida mara lafiya, shi ke tsayawa a bakin kabari. Amma babban aikinsa yara ne.

Malaminmu yakan zo a kan keke, littafinsa ƙunshe cikin leda saboda ruwa. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ke rataye a jikin darbejiya, shi ne ƙararrawa. Malam ya jefa tambaya, mu amsa baki ɗaya, a maimaita har ta zauna, kamar yadda 'yan uwanmu ke biya karatu a makarantar allo. Abin da ba na mantawa shi ne alamar gicciye. Ƙaramin yaro yakan ɗaga hagu, sai Malam ya durƙusa, ya kama hannun damansa, ya kai shi goshi, ƙirji, kafaɗar hagu, sannan ta dama, a hankali, ba tsawa. Da damina yara kan zo da laka a ƙafa daga gona, bai taɓa korar kowa don makara ba.

Taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin ibada da harshen mutane, Hausa ta samu gurbinta a bagade. Cibiyar horar da katikis ta Malumfashi ta yaye malamai da dama waɗanda suka bazu ƙauyukan Arewa, kuma a garin aka haifi Gerald Mamman Musa, wanda ya zama bishop na farko na Katsina a 2023. Fafaroma John Paul na Biyu ya gana da katikis a Kaduna a 1982, Fafaroma Francis kuma a 2021 ya mayar da aikin hidima tabbatacciya a Ikilisiya.

Abin da ke damuna yanzu, dattawan suna ƙarewa, samari kuma sun tafi Dutse da Kano neman abinci. Wasu cikinmu da suka yi boko sun koma koyarwa da Turanci, yaro ya haddace amsa ba tare da ya san me ya faɗa ba. Wannan kuskure ne babba. Ku da kuka yi karatu kuka dawo gida, ku ba mu awa ɗaya a mako, ku koyar da Hausa. Iyaye kuma, don Allah ku sallamo yaran da wuri ranar Asabar.