Yadda Ganɗoki Ya Ɓace Yana Kan Kanta

A hutun bara da na koma gida Matamaye, dattijon da ke kula da wani ƙaramin ɗakin karatu a garin ya sa aka kira ni. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ne mai karatun harsuna, kuma hannunka ya faɗa da ordinatar. Zo ka haɗa mini waɗannan wuri ɗaya." Ya tura mini abubuwa huɗu a kan tebur: wani babban kaye na rajista da bangonsa ya gaji, akwatin katako cike da kati, fayil ɗin Excel da wani matashi ya fara bai gama ba, da wani tsohon fayil da aka ciro daga na'urar da ta daɗe da mutuwa. Duka huɗun lissafin littattafai ɗaya suke yi. Na ce masa, "Baba, ai wannan aikin kwana biyu ne." Sai da na ci sati uku.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne Ganɗoki, littafin Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933. A kaye an rubuta shi daidai, da lanƙwasarsa, don alƙalami ba ya gardama. A kati, wanda aka buga da tafireta, ya zama Gandoki. A Excel ya zama Gan'doki. A tsohon fayil kuwa, da na buɗe shi a tawa na'urar, sai na ga GanÉ—oki. Da na zuba su duka a manhaja ɗaya, sai ta ce mini muna da littattafai daban-daban, alhali kwafi ɗaya ne tak a kan kanta. Baban ya ba ni labari cewa wata ƴar makaranta ta taɓa zuwa nemansa, aka buga sunan a na'ura, na'ura ta ce babu, yarinya ta tafi. Littafin yana bayanta, tsakaninsu bai fi taku uku ba.

Wannan ne ya sa na shiga bin tarihin abin, don na gane matsalar ta girme ni, ta girmi Baba ma.

Lissafa littattafai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kalmar fihirisa da malamai ke amfani da ita tsohuwa ce. A Bagadaza, wajen shekarar 987, Ibn al-Nadim ya rubuta Al-Fihrist, inda ya jera littattafan da ya sani da sunayen marubutansu. A ƙasar Hausa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Irin wannan lissafi mutum ne ke karanta shi. Idan aka rubuta sunan malami da laƙabinsa a wannan shafi, aka rubuta da sunan mahaifinsa a wancan, mai karatu ya san mutum ɗaya ne.

Kati ya zo da wata doka. Kowane littafi katinsa, kowane kati wurinsa a jerin abacada. A 1901 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara sayar wa sauran ɗakunan karatu kati bugaggu, don kada kowa ya zauna yana maimaita aikin da wani ya riga ya yi. Daga nan tunanin ya samo asali: a rubuta bayanin littafi sau ɗaya, saura su kwafa. Da kwamfuta ta zo, wata mata mai suna Henriette Avram ta jagoranci aikin mayar da katin ya zama abin da na'ura za ta iya karantawa. Sunan tsarin MARC. An gwada shi a 1966, ya kankama a 1968. Dabarar ita ce kowane bayani a ba shi gida mai lamba. Sunan marubuci gida na 100, sunan littafi gida na 245, haka har ƙarshe. A 1973 aka mayar da ƙirar fayil ɗin ta zama ƙa'idar duniya, ISO 2709.

To, da an tsaya nan da sauƙi. Amma kowace ƙasa sai ta yi nata MARC ɗin: Amurka da nata, Ingila da nata, Kanada da nata, Faransa da nata. A 1977 ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, ta fito da UNIMARC don ya zama tafinta tsakaninsu. A nan sunan littafi gida na 200 ne, marubuci gida na 700. Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta suka riƙe UNIMARC. Amurka da Kanada suka haɗe nasu a 1999 ya zama MARC 21, ƙasashe masu Ingilishi da yawa suka bi su. Kun ga inda zancen ya biyo ta kanmu. Iyakar da Faransa da Ingila suka ja tsakanin Damagaram da Kano ta shiga har cikin fayil. Littafi ɗaya da aka saya a kasuwar Kano, aka biyo da shi ta Daura da Ɗan Barto ya iso Matamaye, bayaninsa a can yana gida na 245, a nan ana nemansa a gida na 200. Ko fayil mafi sauƙi, wanda ake fitarwa daga Excel, bai tsira ba: na'urar da aka saita da Ingilishi tana raba bayanai da waƙafi, wadda aka saita da Faransanci tana raba su da waƙafi mai ɗigo. Ka ɗauko na can ka buɗe a nan, sai ka ga komai ya cunkushe a layi ɗaya.

Tsakanin waɗannan manya akwai CDS/ISIS, manhajar da UNESCO ta riƙa rabawa kyauta. Tun daga 1985 aka sami wadda ke aiki a ƙananan kwamfutoci, cibiyoyin ajiyar takardu da yawa a Afirka suka yi amfani da ita. Amfaninta shi ne kowa yana iya tsara gidajensa yadda yake so. Illarta ma ke nan. Shekaru bayan haka, da aka zo ƙaura zuwa sababbin manhajoji irin su Koha, wadda aka fara a New Zealand a 1999, ko PMB ta Faransa, dole wani ya zauna ya gano abin da mai tsarin farko yake nufi da kowace lamba. Idan ya yi ritaya ko ya rasu, sai dai a yi ta kintace.

Wannan duka matsalar gidaje ce, kuma ana iya warware ta da jadawali: abin da ke nan a kai shi can. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta haruffa.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna da gindinsu a bugun Hausa a shekarun 1930, a hukumar talifi ta Zariya zamanin Rupert East. Kafin su an yi ta gwaji da ɗigo a ƙarƙashin harafi da kuma ƴar alama a gefensa. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan haruffan Hausa, Fulatanci, Barbarci, Zabarmanci, Buzanci da harsunan Mande. A 1980 aka sake zama a Yamai don daidaita rubutun Hausar Nijar da ta Najeriya. Duk da haka har yau mu a nan muna rubuta ƴa, su a can suna rubuta 'ya. Ita kuwa kwamfuta, da aka yi mata jerin haruffa na ASCII a 1963, gurbi 128 kawai aka ba ta, babu ko ɗaya namu a ciki. Jerin haruffan da aka yi wa MARC ya ƙara alamomi da yawa na harsunan Turai, amma bai sa masu lanƙwasa ba. Shi ya sa idan ka duba manyan fihirisoshin ƙasashen waje za ka ga littattafan Hausa da ɗigo a ƙarƙashin k ko d. Wato na'ura ta mayar da mu rubutun da muka baro tun zamanin kakanni.

Mutanenmu ba su zauna ba. A shekarun 1990 an ƙirƙiri zanen haruffa na musamman, a Nijar da Najeriya duka, inda ake sadaukar da wani maɓalli ya riƙa zana ƙ. A na'urarka yana fitowa tsaf. Ka kai fayil ɗin na'urar da ba ta da wannan zanen, sai ainihin abin da ke ƙasa ya fito fili, wata alama da ba ruwanta da Hausa. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257. Amma ko shi ba ya ceto idan mai buɗe fayil bai faɗa wa na'ura yadda za ta karanta ba. A tsarin UTF-8, ɗ gutsure biyu ce. Idan aka karanta ta da tsohon tsarin Windows na Turai, gutsuren farko ya zama É, na biyu ya zama doguwar karan ɗori. Ga asalin GanÉ—oki ɗin da na gani. Harafin yana nan lafiyarsa ƙalau, karatun ne aka yi ba daidai ba. Da na sake buɗe fayil ɗin da UTF-8, duk suka dawo. Amma Gandoki na kati, wanda aka cire wa lanƙwasa tun wurin bugu, babu manhajar da za ta san akwai abin da ya ɓace. Sai Bahaushe ya duba da idonsa.

Wani zai ce mene ne a ciki, ai muna ganewa. Mu muna ganewa, na'ura ba ta ganewa. A wurinta ƙasa da kasa ba su haɗa komai ba, haka baƙi da baki, haka ƙura da kura. Ɗauki Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa: lanƙwasa biyu gare shi, kowace ana iya rubuta ta ta hanya uku ko huɗu. Ku lissafa sunaye nawa littafi ɗaya zai iya samu.

Aikin da na karanta labarinsa ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne na Charles Stewart, wani malamin tarihi a jami'ar Illinois. A ƙarshen shekarun 1980 ya fara da fihirisar wani ɗakin karatu na iyali a Boutilimit ta Muritaniya, cikin manhajar da ke ɗaukar Larabci da boko tare. Daga baya aka riƙa zuba wasu fihirisoshin a ciki: na Nuwakshot, na Tumbutu, na littattafan Segu da ke Faris, na littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, waɗanda yanzu suke jami'ar Northwestern a Amurka, da kuma namu na Yamai. Na Yamai ɗin su ne rubuce-rubucen hannu da Boubou Hama ya tara lokacin yana shugaban majalisar dokoki, waɗanda yanzu suke cibiyar IRSH, kimanin 4,000, na Larabci da na ajami. Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga fihirisarsu juzu'i takwas daga 2004. Kowace fihirisa a cikin waɗannan da hannun wanda ya yi ta: wani da Faransanci, wani da Ingilishi, wani da Larabci. Shehu kansa a wuri ɗaya Ousmane dan Fodio ne, a wani Uthman b. Fudi, a bakinmu Usumanu ɗan Fodiyo. Kwashe bayanan ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce zama a tantance cewa waɗannan sunaye mutum ɗaya ne, a zaɓi ɗaya a matsayin uwa, a rataya sauran a jikinsa.

Ajami kuma yana da tasa ƙaddarar. Mai yin fihirisa da bai ji Hausa ba, idan ya ga haruffan Larabci, sai ya rubuta Larabci, ko ya ce harshen ba a san shi ba. Waƙar wa'azi ta Hausa sai ta shige cikin dubban takardun Larabci, mai nemanta ba zai taɓa cin karo da ita ba. Alamar harshenmu a MARC ita ce hau, amma ita kaɗai ba ta faɗin ko boko ne ko ajami. Akwai gurbin da aka tanada don rubuta suna da haruffansa na asali, gida na 880, sai dai gurbi ba ya cika kansa.

Ga abin da na yi a Matamaye, garin da shi ma a takardun gwamnati Matameye ne. Ban goge komai ba. Na ajiye tsofaffin fayilolin yadda suke, kaye da akwatin kati suka koma mazauninsu, don ranar da aka gano na yi kuskure a sami inda za a koma. A sabon lissafin na rubuta kowane suna da cikakkiyar ƙa'idar rubutu, sannan na buɗe gida na biyu na zuba sauran kamanninsa: mai lanƙwasa, maras lanƙwasa, mai ƴar alama, da rubutun Faransanci irin su Aboubacar da Chaïbou kusa da Abubakar da Shu'aibu. Na ƙara gida na uku mai faɗin boko ko ajami. Na rubuta ma'anar kowane gida a takarda, na manna ta cikin bangon kaye, saboda wanda zai zo bayana. Baba ya karanta takardar ya ce, "To, wannan ko na mutu an huta."

Ƴan uwa ɗalibai, mu da ke karatun harshe mun fi son gardamar karin sauti da ginin jimla, muna ganin aikin rajista na masu gadin littafi ne. Ni ma haka na ɗauka. Amma ɗakunan karatunmu, na makarantu da na garuruwa, ɗaya bayan ɗaya suna ƙaura daga kaye zuwa na'ura, kuma sau da yawa wanda ke yin ƙaurar ya san na'ura bai san bambancin ɗ da d ba, ko ya san bambancin bai san na'ura ba. Abin da aka zuba ba daidai ba yau, shi za a yi ta kwafa shekara da shekaru. Wanda duk ya je hutu garinsu, ya leƙa ɗakin karatu mafi kusa, ya roƙi a buga masa Ganɗoki da lanƙwasa, sannan a buga babu lanƙwasa. Idan amsar ta bambanta, ya nemi kujera ya zauna.