Shekarar da Agwagi Suka Ɓace



Da kwamitin biki suka ce in rubuta wani abu na tarihi, niyyata in kawo labarin adashin da munka fara da shi. To sai ga shi a taron da ya wuce, ana maganar sayen injin niƙa na biyu, wata ƙanwarmu amarya ta ɗaga hannu. Ta ce ita fa akwai dokar ƙungiya da ke ba ta dariya, wadda ta ce ba a zuba komai a injinmu sai abin da za a ci. "To wa zai kawo dutse niƙa, Inna?" Yara suka yi dariya. Cikin manya ko ɗaya ba ta yi ba. Ba laifinta ba ne, a 2010 da ƙyar in an yaye ta. Saboda ita da sa'o'inta na canza shawara.

Haƙar zinare ba baƙuwa ba ce a ƙasar Anka da Bukkuyum. Abin da ya canza wajen 2009 shi ne kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, har a 2010 oza ɗaya ta haura dala 1,200. Manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi sai ya ga buhun dutse ya fi buhun gero. Maza na haƙowa a daji su kawo gida. A farfasa da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙan hatsi ya mayar da shi gari, a wanke, a kama zinaren da zaiba, a shanya sauran a tsakar gida. Da yawa daga cikin aikin nan mata ne suka yi shi, da goyo a baya, don mace mai kulle ta samu sana'ar da ba sai ta fita ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne, dutsen da aka faɗa wa a wannan karon cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasan ɗaki, a tabarma, a kan hatsin da aka shanya, a bakin rijiya. Yaro kuwa mai rarrafe, hannunsa daga ƙasa sai baki.

Agwagi ne suka fara ɓacewa daga wasu ƙauyuka. Mutane sun lura, amma wa zai haɗa mutuwar agwagwa da ciwon ɗansa? Sai yara suka fara: amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, sai suma. Wasu suka ce sanƙarau ne, don lokacin zafi ne. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce iska. An yi rubutu, an yi turare, an sha maganin zazzaɓi, maƙabarta dai sai cika take da ƙananan kaburbura.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar MSF, waɗanda muke kira likitoci na gari na kowa, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, labarin ya iske su. Suka ba da maganin da suka saba, yara ba su tashi ba. Da aka aika jinin wasu yara Turai aka auna, sai ga dalma mai yawan da likitoci suka daɗe ba su ga irinsa ba. A watan Mayu masana daga hukumar CDC ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shigo tare da ma'aikatan lafiya na tarayya da na jiha, suka bi gida-gida a 'Yargalma tamu ta Bukkuyum da Dareta ta Anka. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku dubi yaran da ke zaune gabanku ku ƙirga.

Dalmar jini da lamba ake auna ta. A wancan lokacin in ta kai 10 likita ya fara damuwa, in ta kai 45 sai an ba da magani. Na'urar hannu da suka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. Kusan duk yaron da aka auna a ƙauyukan nan biyu yana buƙatar magani. Daga baya aka ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin baki ɗaya sun kai 400.

A watan Yuni MSF ta buɗe ɗakin jinya a asibitin Bukkuyum, sannan wani a Anka. Maganin ana ce masa DMSA, yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Kyauta aka bayar. Amma ba allura ɗaya ba ce a koma gida, makonni ake yi ana sha, wani yaron sai an maimaita masa sau da yawa. Uwa ta bar ɗakinta, ta bar sauran ɗiyanta, ga damina ta kama, ta zo ta tare a asibiti. Mu da ke cikin gari mun ga iyayen nan. Wasunmu sun kai musu tuwo da kunu, wasu sun ba da aron tabarma. A rahotanni ana yawan ambaton likitoci, kuma sun cancanta, Allah Ya saka musu. Ni dai ban taɓa ganin an ƙirga kwanakin da matan nan suka yi zaune a kan siminti ba.

Ga inda maganar take da wuya. Likitocin suka ce maganin ba shi da amfani in yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon, har ma yana iya cutar da shi. Don haka sai an kankare garin tukuna. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da samarin ƙauyukan, suka shiga aikin da fatanya da shebur da baro. A kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, a kwashe a binne a rami nesa da gari, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Sarakuna suka ba da umarnin a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. An fara da 'Yargalma da Dareta kafin ruwa ya tsayar da aiki. Bayan damina zuwa farkon 2011 aka yi Tungar Guru, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza.

Saura Bagega ta ƙasar Anka, wadda ta fi su girma duka. Kuɗin masu agaji ya ƙare, aka dubi gwamnatin tarayya. Aka yi alkawarin naira miliyan 850. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan maganar, aka watse, kuɗi shiru. Yara wajen 1,500 suna jira, maganin yana Anka, likitocin suna nan, amma ba halin farawa. Ku sa kanku a matsayin uwar da ta san ɗan ƙanwarta a Abare ya sha magani ya miƙe, nata kuwa an ce sai an saki kuɗi.

A nan ne na fara jin kalmar haƙƙi ta shiga maganar. Da, mun ɗauki abin duka a matsayin taimako, wanda aka yi maka ka gode, wanda ba a yi ba ka yi haƙuri. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fito a 2012 ta ce a'a, Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1991, saboda haka lafiyar yaran Bagega bashi ne a wuyan hukuma. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin Follow the Money a intanet suna tambayar ina kuɗin ya maƙale. A farkon 2013, zamanin Shugaba Jonathan, aka saki kuɗin, aka kankare Bagega a shekarar, yara suka fara shan magani. Shekara uku bayan 'Yargalma. A ganina mutuwar farko rashin sani ne ya kawo ta, kuma ba na yarda a ɗora wa iyaye mata laifinta. Jiran Bagega kuwa da sani aka yi shi.

A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, amma kowa ya san hani bai cika ciki. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a niƙa dutse da ruwa don kada ya yi ƙura, a yi shi nesa da gida, mai haƙa ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha, bayan ta auna yara sama da 8,000, fiye da 3,500 cikinsu sun sha maganin.

Abin da ke hana ni barci yanzu biyu ne. Na farko, rashin tsaro ya sa aiki a daji ya zama kasada, kuma duk mai tsoron daji gida zai so ya jawo aikinsa. In maigida ya shigo da buhu ya ce na kwana biyu ne kawai, ke za ki fara gani, turminki za a ara. Na biyu, dalma ba ta barin jiki duka. Tana kwanciya a ƙashi shekaru masu yawa, in mace ta samu ciki sai ta taso ta shiga jini ta kai ga ɗan tayi. 'Yan matan da suka sha maganin nan suna goye, su ne muke yi wa gara yanzu. Wasu cikin sa'o'insu sun tashi da nauyin fahimta ko raunin gani, ana ce musu dolaye, alhali ƙura ce.

Don haka, ƙanwata, dokar injin tana nan, kuma zan roƙi taro mai zuwa a rubuta ta da fenti a jikin sabon injin. Wadda kuma ta san 'yarta ko surukarta ta tashi a ɗaya daga cikin ƙauyukan da na lissafa, ranar da za ta fara zuwa awo ta raka ta, ta faɗa wa ma'aikaciyar sunan garin da shekarar da aka haife ta.