Babur da Ɓarauniyar Hanya: Tarihin Kabu-kabu a Ƙasar Ƙonni

Matafiyin da ya ratsa Birnin Ƙonni a mota ba ya ganin komai sai kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, da manyan motocin da ke jere a hanyar iyaka. Amma a bayan wannan kwalta akwai hanyoyin burji da turbobin ƙasa masu yawa, waɗanda suka haɗa ƙauyukan gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, suka kuma tsallaka cikin ƙasar Sakkwato. Shekaru arba'in ke nan babur ne sarkin waɗannan hanyoyi. Ya kamata iyaye da malamai su san yadda aka yi ya samu wannan sarauta, domin 'ya'yansu da ɗalibansu ne ke kan sirdinsa a yau.

Turbobin sun girmi iyakar kanta. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke bi ta nan da jakuna da raƙuma tsakanin Adar da Sakkwato. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wanda ya bar Ƙonni a ɓangaren Ingila. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ƙone birnin da karkashe mutanensa a watan Mayun 1899 ba. Daga baya Faransa ta matsa a gyara layin, domin tana neman hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannunta. Layin ya faɗa tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya, garuruwa biyu da 'yan kilomitoci kaɗai suka raba. Gona da auratayya da cin kasuwa kuwa ba su fasa ba, mutane suka ci gaba da bin turbar kakanninsu. Sunanta ne kawai ya canza a bakin hukuma, ta zama ɓarauniyar hanya.

Baburan farko da suka shigo yankin na ma'aikata ne. A ɓangaren Nijar an fi sanin Mobylette, ɗan ƙaramin babur mai feda da kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949. A ɓangaren Najeriya kuwa Vespa ce da baburan Japan: Honda da Suzuki da Yamaha. Lokacin da aka biya ma'aikatan Najeriya kuɗin Udoji a farkon 1975, da yawa daga cikinsu babur suka fara saye, kuma abin da ya cika kasuwar Sakkwato ba ya daɗewa bai iso Ƙonni ba. A shekarar ce ma Honda ta fito da CG125, wanda ta ƙera musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, masu babur kuma ba su cika kula da juyen baƙin mai ba. Injinsa mai sauƙi ne, bakaniken ƙauye na iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya.

A wancan zamani, in ka ji ƙarar babur ta doso ƙauye ka san baƙo mai daraja ne: mushen lakwal, ko malamin gona, ko malamin asibiti. Wuraren aikin albashi ma ƙidayayyu ne. Akwai asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950, da kamfanin siminti na Malbaza da ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, sai kuma filayen noman rani na Ƙonni da aka shimfiɗa a zamanin Seyni Kountché, masu shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kwarin Majiya. Yaron da ya ga malaminsa a kan babur ya san cewa karatu ne ya ɗora shi a kai.

Shekarar 1984 ce ta juya al'amarin. A watan Afrilu gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu, a daidai lokacin da ta canza takardun naira. Damina ta zo ta gaza, fari ya game ƙasar Nijar, ga kuma ƙofar da aka saba shigo da hatsi a rufe. Har yau tsofaffi a ƙasar Hausa ta Nijar suna kiran yunwar wannan shekara da sunan El-Buhari. Mota ba ta iya wuce shingen jami'ai, amma babur yana iya sauka daga kwalta ya bi ta cikin gonaki, ya ɓullo bayan shingen da mutum ɗaya da buhu ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu binciken harkar sufuri suna danganta farkon kabu-kabu a Ƙonni da wannan rufe iyaka, daga nan ne sana'ar ta bazu zuwa wasu garuruwa. Da Janar Babangida ya buɗe iyakar a watan Maris na 1986, jama'a sun riga sun saba da abin hawan da ke kai mutum har ƙofar gida, sana'ar kuwa ta zauna daram.

Abubuwa uku suka ƙara mata ƙarfi. Na farko, faɗuwar darajar naira daga 1986 da tallafin mai a Najeriya sun sa fetur ya yi arha ƙwarai ga mai riƙe da sefa, shi ya haifar da 'yan ruwa-ruwa masu jera kwalabe a bakin hanya, kuma babur ne ke yi musu dakon jarkoki. Na biyu, shekarun 1990 sun yi wa ma'aikacin Nijar tsanani: an rage darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba, makarantu suka sha yajin aiki. Matashi ya duba ya ga ɗan kabu-kabu na kwana da kuɗi a aljihu, malami kuwa na jiran wata. Na uku, daga wajajen shekarar 2000 baburan Sin irin su Jincheng da Kasea, sannan Boxer ta Indiya, suka cika kasuwa da farashin da ɗan kasuwa zai iya sayen biyu ko uku ya raba wa yara su riƙa kawo masa balas. Tsofaffin baburan Japan suka koma zaure, sai 'yan ƙalilan da masu su suka ƙi rabuwa da su.

Wanda ya san yankin ya san abin da babur ya yi masa. Daga mararrabar Tsarnawa hanya ɗaya ta yi gabas zuwa Malbaza da Galmi, ɗaya ta yi arewa ta Gidan Idar da Badagishiri zuwa Tawa, Illelar Adar kuma, mazaunin Sarkin Adar, tana yamma da Badagishiri. Tsakanin waɗannan hanyoyi ƙauyuka ne birjik, wasu a kan tudun duwatsu, wasu a cikin kwari. Da rani yashi ne da gargada, da damina kuma ƙorama kan cika ta yanke hanya. Babur ne ke kai manomin albasa wurin dillali ya jiyo farashi, shi ke fito da mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare, shi ke kai mutane kasuwar Lahadi ta Illelar Najeriya. Tsohon mahayi ba ya fita shi kaɗai sai da fulogi na ajiya da sifana da kayan faci da gorar ruwa, kuma ya san gidan da zai sauka in dare ya yi masa a kowane ƙauye.

Tarihin 1984 ya maimaita kansa har sau biyu. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai har zuwa Maris na 2024. Kowane karo turbobin suka cika da babura. Sai dai dajin ya canza. 'Yan bindiga ma sun gano amfanin abin hawan da ba ya buƙatar kwalta. Kano ta hana acaɓa a 2013, an hana hawan babur a jihar Difa a 2015, aka yi haka a sassan Tilaberi a farkon 2020, kuma a kan babura maharan da suka kashe mutane fiye da 130 a yankin Tiliya, arewacin jihar Tawa, suka zo a Maris na 2021. Yaron da ke ratsa daji shi kaɗai da jarkoki a yau yana tsakanin ɗan fashi da jami'in tsaron da ke iya ɗaukarsa a matsayin mai kai wa 'yan bindiga mai. Ribar fetur ɗin ma ta ragu tun da Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023.

Wannan shi ne abin da ya kamata a zauna a faɗa wa yara. Sana'ar da ta bunƙasa saboda rufe iyaka da bambancin farashi tana iya durƙushewa da sanarwa ɗaya daga Abuja ko Yamai. Malamin tarihi a Ƙonni ko Malbaza na iya koyar da 1904 da 1984 daga turbar da ke bayan makarantarsa, ya kuma gayyaci tsohon ɗan kabu-kabu ya ba ɗalibai labari da bakinsa. Uban da zai miƙa wa ɗansa makulli ya fara tambayar kansa ko yaron ya kai, ko yana da hular kwano, ko ya san inda zai je da lokacin dawowa, kuma kada makullin ya zama dalilin ajiye littafi. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.