Samanja Da Akwatin Da Albashi Ya Saya

'Yar'uwa, in kina son ki ga manyan mata sun koma yara, ki ambaci Samanja Mazan Fama a gidan biki. Nan take hira za ta ɓarke, wata ta miƙe tana ƙamewa irin ta soja, wata tana kwaikwayon Hausarsa ta bariki da yake cakuɗawa da Turancin buroka. Usman Baba Pategi ke nan, tsohon soja ne na gaske, shi ya sa wasan ya zauna masa. Daga Kaduna ake yin shirin, amma Kanawa sun riƙe shi kamar nasu. Ranar da ya rasu, a watan Nuwamba na 2023, na ga mahaifiyata ta yi shiru kamar an yi mata rasuwa a dangi.

Ni ƙarshen zamanin na tarar, mafi yawan labarin a bakin Umma da ƙannenta na ji. Abin da na lura kuwa, duk hirar Samanja sai ta biyo ta kan kamfani. Dalili, a unguwanni irin namu na kusa da Sharada, talabijin ba ta shiga gida sai ta hannun mai albashi. Magidancin da ke aiki a masaƙa ko kamfanin roba a Sharada, ko majemar fata a Challawa, ko tsofaffin masana'antun Bompai, shi ne zai yi adashi wata da watanni ya sayo akwati baƙi-da-fari. Daga ranar gidansa ya zama na kowa. Bayan sallar isha'i a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, yara a gaba kan tabarma, matan maƙwabta a baya da goyo. In an ɗauke wuta kuwa, sai a jona batirin mota.

Tashoshin ba su da yawa. An kafa NTA a 1977, sannan gwamnatin Abubakar Rimi, wadda ta hau a 1979, ta kafa wa Kano tata, CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV. Don haka abin da gidanku ya kalla, shi gidan kowa ya kalla. Ga Samanja, ga Karkuzu daga Jos, ga marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017.

To, a nan ne zancen da ba a faɗa a gaban maza yake. Budurwar wancan lokaci ba ta zuwa silima, wadda ta je sunanta ya ɓaci. Ta akwatin nan kaɗai take ganin namijin da ba muharraminta ba ta ƙare masa kallo ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Samanja na dariya ne, ba wadda ta yi mafarkinsa, Allah Ya jiƙansa. Amma in aka sako fim ɗin Indiya, sai tsakar gida ta yi tsit. Wata gwaggona har yau in aka ce Amitabh sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, Umma kuwa 'yar Dharmendra ce, ko da yake musu take yi. Mu da muka zo daga baya Shah Rukh Khan muka samu. Kada ki raina wannan so na yarinta. Ni dai a ganina da shi aka yi wa littattafan soyayya na Kasuwar Kano shimfiɗa, domin yarinyar da ta ga ana tambayar mace ra'ayinta kafin aure, ko a fim ne, ba ta mantawa.

Taron bai watse don an gaji da dariya ba. Daga 1986, da aka shigo da tsarin SAP, naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada, wuta ta yi ƙaranci, daga baya atamfar waje ta cika kasuwar Kantin Kwari. Kamfanoni suka shiga rage ma'aikata, wasu suka rufe ƙofa. A 1990 kuma aka yi Turmin Danya, bidiyo ta fara shiga ɗakuna, kowa ya ja labulensa.

Babanmu na cikin waɗanda aka sallama. Ya fara sayar da rediyo, sannan kekensa. Akwatin ce ta ƙarshe, don Umma ta hana har sau biyu. Ranar da mai saye ya zo, yaran maƙwabta ne suka raka ta har bakin titi.