Tantance Kira Zuwa Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Ikilisiyar Katolika: Ma'aunin Ignatius da na Rulla

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ɗan Katolika zai gane ko Allah ne ke kiransa ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam tare da riƙe bangaskiyarsa. An dogara ga tarihin fannin cikin Ikilisiya, da ƙa'idojin Ignatius na Loyola, da binciken Luigi Rulla. Matsayar maƙalar ita ce, zafin sha'awa bai isa shaidar kira ba sai an tono tushensa.

Shimfiɗa

'Yan Katolika ba baƙi ba ne a wannan fanni. Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, kuma cikin ɗalibansa akwai Fada Edward Pace, wanda ya kammala digirin digirgir a 1891 ya koma koyarwa a Jami'ar Katolika ta Amurka da ke Washington. A Italiya kuwa, Agostino Gemelli, likita kuma ɗan ƙungiyar Faransiskan, shi ya kafa Jami'ar Katolika ta Milan a 1921. Amma zaman bai rasa tsami ba. Masanin halayya Freud ya ɗauki addini a matsayin ruɗi a littafinsa na 1927, Batikan ma ta yi ɗari-ɗari, har a 1956 aka hana limamai neman magani wurin Anna Terruwe, likitar ƙwaƙwalwa 'yar Holan, sai daga baya aka wanke ta. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, cikin sashe na 62 na takardar Gaudium et Spes, ta buƙaci masu kiwon ikilisiya su amfana da binciken wannan ilimi. Tun daga nan tambayar ta tashi daga "ya halatta?" ta koma "wa ya dace?"

Ma'aunin Ignatius

Bayan raunin da ya samu a yaƙin Pamplona a 1521, Ignatius ya daɗe kwance yana jinyar ƙafa. A nan ya lura da wani abu ƙarami mai nauyi. Idan ya yi mafarkin jarumta da suna, yakan ji daɗi, amma da tunanin ya wuce sai zuciyarsa ta bushe. Idan kuwa ya yi tunanin bin sawun waliyyai, farin cikin yakan zauna ko bayan tunanin ya gushe. Daga wannan lura ya gina ƙa'idojin rarrabe ruhohi, waɗanda Fafaroma Paul na Uku ya amince da littafinsu a 1548.

Biyu daga cikinsu sun fi shafar batunmu. Ta farko, kada mutum ya sauya shawarar da ya riga ya yanke a lokacin da ruhunsa ke cikin ƙunci. Ɗalibin da karatun ƙididdiga ya gajiyar da shi, addu'a ta yi masa nauyi, ba ranar ce zai ce kiran ƙarya ne ba. Ta biyu ta fi wuya: mugun tunani kan zo da rigar alheri, don haka sai a bi shi tun farkonsa, da tsakiyarsa, har inda ya ƙare. Burin taimakon masu ciwon rai na iya farawa da tausayi ya ƙare da son a dogara da kai.

Ma'aunin Rulla

Nan ne Rulla ya shigo. Ɗan ƙungiyar Jesuit ne, likitan tiyata da ya koma likitan ƙwaƙwalwa, kuma shi ya jagoranci kafa Cibiyar Ilimin Halayya a Jami'ar Gregorian ta Roma a 1971. Shi da abokan aikinsa sun bi diddigin matasa masu shiga rayuwar hidimar addini na tsawon shekaru. Sun gano cewa mutum kan furta manufa mai kyau da zuciya ɗaya, alhali wata buƙata da bai sani ba, kamar ƙishin yabo ko gudun kaɗaici, tana jan sa wani gefen. Wannan saɓani ba munafunci ba ne, amma yana raunana juriya. Binciken nasa kan masu neman zama limamai da 'yan zuhudu aka yi shi, saboda haka ɗora shi a kan ɗaliban jami'a ƙiyasi ne. A ganin marubucin nan ƙiyasin ya zauna, domin wanda bai san raunin kansa ba zai iya ɗora shi a kan majinyacin da ya amince masa, kuma wannan cuta ce babba.

Abin da ya biyo baya

Makarantun da ke haɗa ilimin halayya da bangaskiya, irin su cibiyar da aka kafa a Arlington ta Amurka a 1999, wadda ta zama Jami'ar Divine Mercy, suna koyar da falsafa da tauhidi tare da horon asibiti. Mai neman shiga yana buƙatar mutum biyu daban: mai ja-gorar ruhaniya da ƙwararren da zai sa ido kan aikinsa. Ɗakin magani ba wurin furta zunubi ba ne, kuma ƙuncin ruhu da Ignatius ya bayyana daban yake da cutar tsananin damuwa mai buƙatar likita, ko da yake suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Kafin ya cika takardar neman gurbi, ya kamata ya yi hidimar sa-kai kusa da majinyata, ya kuma kai wa mai ja-gorarsa rahoton abin da ya saura a zuciyarsa bayan kowace rana ta aiki.