Daga Kallon Kyauta Zuwa Kallon Kuɗi

Wanda ya shiga Agadas da dare ya san gidajen kallon ƙwallo. Ana kafa rumfa, a jera bencina, a sa yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. In ba ka da ƴan daloli, sai dai ka tsaya waje kana jin ihu. Da can ba haka abin yake ba. Bari ku ji yadda aka yi.

Telebijin ta shigo Nijar a shekarar 1964. Ba don wasa aka kawo ta ba, don koyar da ƴan makaranta ne. Sai wajen 1979, zamanin Seyni Kunce, aka buɗe Tele Sahel don kowa da kowa. A lokacin mutum ɗaiɗai ne ke da akwatin a gidansa. Saboda haka gwamnati ta ajiye akwatuna a dandalin unguwanni da ƙauyuka, wasu ma da hasken rana suke aiki. Bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarmi. Tsoho da yaro, mai shi da marar shi, kowa ya zauna. Ba mai tambayar ka ko dala.

Abin da ya fi tara mutane a dandalin nan shi ne kokowa. An fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya kayar da kowa. Da farko a rediyo ake bin ta. Makiyayi yana bayan raƙumansa a Ayar, rediyo na rataye a kafaɗa, yana jin kiɗa da kirari kamar yana bakin fili. Da hoto ya zo, sai mutane suka ga ƴan kokowar da suka daɗe suna jin sunansu. Wani a ce ashe gajere ne!

To, ina kallon kuɗi ya fito? Daga ƙasashen Turawa ya fito, kuma Amurka na cikin na farko. Suna da wani wasa da suke kira besbol. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo, ɗaya ya buge ta da kulki ya ruga da gudu. Yadda muke son kokowa, haka suke son sa. Tun 1939 suke nuna shi a telebijin, kuma shekara da shekaru kyauta ake kallo.

A birnin Shikago akwai manyan ƙungiyoyi biyu na wannan wasa, White Sox da Cubs. A 1982 masu White Sox suka yi lissafi. Suka ce don me za a riƙa kallon wasanmu a banza? Suka kwashe yawancin wasanninsu suka kai wata tasha mai suna SportsVision. Sai ka sa wani akwati a gidanka, ka biya kuɗin wata, sannan hoto ya fito. Mutane kaɗan ne suka biya. Su kuwa Cubs suka bar nasu a tashar WGN, wadda kowa ke kamawa a birnin. Yaro ya dawo daga makaranta, ya kunna, Cubs yake gani. Har babban mai ba da labarin wasan White Sox, Harry Caray, ya bar su ya koma wajen Cubs. Yaran da suka tashi a shekarun nan, da yawansu Cubs suka bi. A ganina masu White Sox sun yi cinikin wanda ya sayar da irin shuka ya ci kuɗin.

Amma dabarar ba ta mutu ba, gyara ta aka yi. A Faransa an buɗe tashar kuɗi ta Canal+ a 1984, ta riƙa sayen izinin nuna ƙwallon ƙafa. A farkon shekarun 1990 ta ƙetaro Afirka. Sannu a hankali faranti ya hau rufin gidaje. Ga yadda cinikin yake: tasha ta biya masu ƙwallo kuɗi mai yawa, ta rufe hoton, ta sayar wa mai akwati. Mai rumfa ya biya kuɗin wata da na wuta ko man inji, shi kuma ya karɓa a hannun ƴaƴanku. Kada ku ga laifin mai rumfa, shi ne ƙarami a cikin cinikin. Dalar da yaro ya miƙa a bakin ƙofa, wani kasonta har Turai yake zuwa.

Kokowa ba ta bi wannan hanya ba, domin tashar gwamnati ce ke nuna ta. A watan Disamba na 2023 an yi kokowar takobi a nan Agadas. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi, karo na 6 ke nan. Wanda bai samu wuri a fili ba ya gani a Tele Sahel, ko ya ji a Muryar Sahel. Daga Ingal har Bilma, ba a sa yaro a ƙofar kowa yana karɓar kuɗi ba.