Lungun Giwaye da Ya Koma Lungun Faransawa

A Afirka ta Kudu, tafiyar kamar awa guda a mota daga birnin Cape Town, akwai wani ɗan gari cikin kwari, duwatsu sun kusa yi masa zobe. Sunansa Franschhoek, wato lungun Faransawa. Ko'ina ka duba gonakin inabi ne da fararen gidaje irin na da, masu hannu da shuni na ta zuwa ɗanɗana giya. Da can Olifantshoek ake ce da wurin, lungun giwaye, makiyayan Khoikhoi ne ke kiwo a yankin.

Zuwan Faransawa dai abin tausayi ne. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta damar yin addininsu, aka rurrushe majami'unsu, dubbai suka tsere. Kamfanin fataken Holan da ke mulkin Cape ya kwaso wasu 'yan kaɗan, suka fara sauka a 1688, aka yanka musu gonaki. Allah Sarki, kewar gida! Sai suka riƙa sa wa gonakin sunayen can ƙasarsu, su La Motte, su La Provence. Harshen ma ba a bar musu ba, a 1701 kamfanin ya ce da yaren Holan za a yi makaranta. Kafin a jima Faransanci ya ɓace, sai sunayen dangi irin su du Toit da Malan.

To, wa ya yi noman? Nan ne fa labarin ke sosa mini rai. Bayi ne, daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunisiya. Wanda jiya aka kora daga gidansa, yau shi ke taya ɗan'adam a kasuwa. An soke bauta a 1834, ba a sake su ba sai 1838, kuma ko taƙin ƙasa ba a ba su ba. Dole da yawa suka koma ƙodago a gonakin iyayengijinsu na da, wani sashe na ladan kuwa giya ce, ana auna musu safe da rana da yamma. Dop suke kiran wannan tsari. Mai karatu, dubi mace mai juna biyu a gidan da hakkin gumi ke zuwa a kwalba. Doka ta hana abin wajen 1960, amma a wasu gonakin bai tsaya ba har bayan 1990, kuma har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haifar yara masu taɓuwar ƙwaƙwalwa saboda shan uwa.

A ƙarshen babban titin garin akwai dutsen tunawa da Faransawan nan, an buɗe shi a Afrilun 1948. Siffar mace ce tsaye, Baibul a hannu ɗaya, tsinkakkiyar sarƙa a ɗayan. Sarƙar tasu ce, ba ta bayinsu ba. Wata guda bayan bikin, Dakta Malan, jinin waɗannan 'yan gudun hijira, ya ci zaɓe ya kafa mulkin wariyar launin fata. Gidan yarin da a da ake kira Victor Verster kuwa, inda Mandela ya fito ran 11 ga Fabrairun 1990, yana nan kan hanyar da ta tashi daga kwarin zuwa Paarl.